Ɗan Farin Inna a Kan Buhunan Gyaɗa

Ƙarar murfin adaka ce ta fara komai. Ina tsugune bakin murhu bayan sallar asuba, ina fifita wutar kunun yara, sai na ji ta daga ɗakin Inna, mahaifiyar maigidana. 'Yar siririyar ƙara ce, ƙiii, irin ta ƙarfen da tsatsa ta ci. Adakar tun ta aurenta ce, kuma ba a buɗe ta sai in za a fita unguwa mai nauyi, suna ko gaisuwar mutuwa. Na duba a raina, ba wanda ya haihu a dangi, ba wanda ya rasu. Sai na ajiye maficin, don na gane abin da ya buɗe ta.

Jiyan ranar da yamma maƙwabciyarmu ta shigo. Tsohuwa ce ita ma, ƙawar Inna tun suna amare a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, kuma ita ba ta iya magana a hankali ba. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce:

"Ke, jikana ya kai ni gidan al'adun can, inda aka rataye hotunan Damagaram na da. Na ga naki. Na farin. Yana zaune a kan buhunan gyaɗa da basilla a hannu, kamar in kira shi ya amsa."

Inna tana tsinkar zogale a faifai. Hannunta bai ko tsaya ba. Ta ce, "Famfonku ya kawo ruwa jiya?"

"Ruwa nake miki zance?"

"Mu dai namu ko ɗigo."

Ƙawar ta yi tsaki, ta ce ranar Lahadi za a kwashe hotunan a kai wani gari, wanda ya gani ya gani. Inna ta ce in kawo wa baƙuwa ruwa. Zancen ya ƙare nan.

Wanda ake nufi shi ne ɗan farin Inna. Sanƙarau ya ɗauke shi wata bazara yana ɗan saurayi, tun maigidana yana goye. Ba shi da hoto a gidan nan, ba shi da hoto a gidan kowa. Sunansa ma sau ɗaya na taɓa ji, a bakin maigidana, shi ma sai da ya waiga. Inna kuwa ba ta taɓa furta shi ba, yana raye ko bayan ransa. Kunyar ɗan fari. In ta kama dole a ambace shi, sai ta ce "wancan", ta nuna gefe da haɓa kamar yana zaune bayan rumbu. An ce ko ranar da aka fita da shi ba ta yi kuka a gaban mutane ba, har mata suna yabawa.

Da hantsi ta fito sanye da saƙinta mai baƙi-baƙi, tana ƙamshin kafur da tsohon turaren wuta, ta sa kwalli raɗau.

"'Yar nan, in kin gama ki raka ni in dubo 'yar ƙanena. An ce ba ta jin daɗi."

'Yar ƙanen nata ta warke tuni. Ita da ƙafarta ta zo mana bangajiya, har ta ci tuwo ta ƙara. Amma gidanta yana bayan gidan al'adun ne. Na ce to. Na jiƙa wankin da na tara, na bar shi a baho, na yi murna a raina, ina cewa ashe abin mai sauƙi ne.

Inna ba ta hawa babur ɗin kabu-kabu, ta ce ita ba buhun gero ba ce. Sai da muka tsaya bakin gudoro, wato kwalta, muka samu adaidaita. Tun kafin mu isa ta sa mai shi ya tsaya, wai ƙafarta ta yi tsami tana so ta taka. Muka taka. Ga ƙofar gidan al'adun a buɗe, ga ƙyalle an ɗaura da rubutu, ga ɗalibai suna shiga suna fita. Ta rage tafiya. Ta rage, ta rage, har ta tsaya tana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Na ce, a hankali yadda ya kamata:

"Inna, ko mu ɗan shiga mu sha inuwa?"

"Inuwar me? Gidan hotuna? Mala'ikun rahama ma ba sa shiga, sai ni?"

Wannan fa matar da hotonta na Makka yake rataye saman gadonta, da haƙorin zinariya a waje, tana goge shi duk Juma'a. Na haɗiye maganar. Muka wuce muka dubo mai lafiya, wadda ta rasa dalilin zuwanmu har ta fara tsorata ko wani abu aka ce mana game da ita. Muka dawo ta wannan ƙofar dai, aka sake gyaran takalmi. Na iske wankina ya fara wari.

Washegari adaka ta sake ƙara. Wannan karon kanwa take so, kuma sai ta zaɓa da hannunta, wai wadda nake sayowa ƙasa ta yi mata yawa. Kanwa kuwa akwai ta a bakin layinmu. A'a, sai ta kasuwa, kuma sai ta hanyar da ba ta kasuwa ba. Muka sake wucewa ta gaban gidan. Har mai gadin ya gane mu, ya ce, "Hajiya ku shigo mana, ba a biyan komai." Ta ce masa, "Allah ya yi maka albarka, mu masu uzuri ne." Uzurin ke nan, kanwa ƙulli ɗaya da har yau tana nan cikin ƙwarya ba a taɓa ta ba.

Da la'asar na kira maigidana a salula. Yana koyarwa a wani lekwal na ƙauye wajen Tirmini, sai bakansi, lokacin hutu, muke ganinsa sosai. Na zayyana masa komai, na ce ya yi mata magana, shi ɗanta ne.

Ya ce, "Ni? In ce mata me?"

"Ka ce ta shiga ta gan shi."

"In ce ta ga wa?"

Shi ma bakinsa ba zai iya faɗin sunan ba. Can ya ce, "Ki dai bi ta a hankali, kin san halinta." Maza ke nan. Su ba ka kaya su ce ka bi a hankali, su kashe waya. Amma kafin ya kashe ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "In kin shiga, ki duba min ko muna kama."

Na yi wata dabara, wadda na ɗauka wayo ce. Jikan maƙwabciyarmu ya ɗauki hoton a salularsa, sai na aika ya turo min. Ya fito dishi-dishi, hasken taga ya cinye rabin fuskar, amma dai ana ganin mutum. Na kai wa Inna ɗaki tare da furarta, na ajiye wayar a gefen tabarma, fuskarta sama, kamar mantuwa. Ban kai ƙofa ba ta kira ni.

"Ɗauke abinki, kar in taka."

Ta kifa shi da bayan hannu tana kallon bango. A nan na gane kuskurena. Wanda ba ta iya kallo a hanya, ni kuma na kawo mata shi har kan tabarma, na tsaya ina jiran in ga fuskarta. Na gane, amma ganewar ba ta rage min haushi ba ko kaɗan.

Gaskiya haushin nan ba na Inna ba ne ita kaɗai. Ni ma 'yar fari ce. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Dogo, can na tashi. In na zo gida hutu, mahaifiyata takan ce wa ƙannena, "Ku ba waccan abinci." Na san tana sona. Takan ɓoye min ƙuli-ƙuli cikin tulun da ba ruwa, ta aiko ƙanwata ta gaya min inda yake. Ranar da sakamakon jarrabawarmu ta kolej ya fito, kowa ya rungume ni, ita kuwa ta shige madafa, sai ga dambun da na fi so ya fito ba wanda ya ce a yi. Har Allah ya karɓi abarsa ban ji sunana a bakinta ba. Ina yi mata addu'a kullum, kuma ban riƙe ta da komai ba, Allah shi ne shaida. Amma da na haifi nawa na fari, sunansa nake kira da ƙarfi daga ƙofar gida har lungu, ina goya shi a gaban kowa. Inna ta sha cewa, "'Yan lekwal ba ku da ta ido." Ina jin ta ina murmushi. To yanzu ga mai ta ido, ta sa ni ina zagaya gari cikin rana kamar mai tallar goro, saboda abin da zuciyarta ke so ƙafarta ta ƙi.

Na tambayi kaina, wai ina aka samo wannan abu? Ba a cikin Littafi yake ba, na tabbata. Malamarmu ta Islamiyya ta sha faɗa cewa sumbatar 'ya'ya rahama ce. Amma je ka gaya wa Inna. Za ta ce maka su ma da malamai suka tashi.

Mafita daga autata ta zo, 'yar aji biyu, wadda Inna ke kira ƙawata. Ranar Asabar tana cin ɗumame ta ce mushensu, wato malaminsu, ya ce kowa ya sa a kai shi ganin hotunan, zai tambaye su abin da suka gani. Ban ƙirƙira ba, mushen ya faɗa, shi ya sa ban ji nauyin abin da na yi bayan nan ba. Na ɗaga murya daidai yadda za ta kai ɗakin Inna:

"Ni ba zan iya kai ki ba. Wurin cike yake da maza, ba na shiga ba babba tare da ni."

Yarinyar ta ɓare baki. Ba a jima ba labule ya motsa.

"Wa ya taɓa min ƙawa?"

"Kaka, Mama ce ta ƙi kai ni."

"Rabu da ita. Gobe ni zan kai ki. Ita ma ta biyo mu ta riƙe mana takalma." Ta juyo gare ni. "Karatun yarinya ai ba abin wasa ba ne."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Lahadi bayan azahar muka shiga. Zaure ne dogo, farin fenti, fanka biyu a sama, ɗaya tana juyawa ɗaya ta mutu. Hotunan baƙi da fari ne, cikin gilashi, jere a bango. Ni kaina, da na zo da haushi, sai da na tsaya kallo. Ga ganuwar Birni lokacin tana tsaye da kaurinta. Ga ayarin raƙuma sun durƙusa da kantun gishiri. Ga majema, maza cikin ramuka har gwiwa, ina ganin hoton sai da hancina ya tuna warin. Ga mata a layin rijiya da tuluna a ka, na ce a raina, to wannan kam ba tarihi ba ne, jarka kawai aka canza. Duwatsun nan namu kuwa suna nan yadda suke, su kaɗai ne ba su tsufa ba.

Wani matashi ɗan jami'a, mai ladabi, shi ke yi wa mutane bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce wasu hotunan Nasara suka ɗauka, wasu kuma masu hoton garin nan ne na farko, kuma in mun gane wani a ciki mu faɗa, don yawancinsu ba a san su ba. Na saci kallon Inna. Tana gyara wa ƙawarta ɗankwali.

Tun daga ƙofa na hango hoton ɗan farin Inna. Bangon ƙarshe, kusa da taga, tulin buhuna kamar dutse. Da a ce ni ce, taku kaɗan ne. Inna kuwa ta fara daga hoton farko na hannun dama, ta tsaya kamar an dasa ta. Ta yi wa mutanen ciki sallama. Ta ce Allah ya jiƙan na jiƙai. Ta ce wannan soron gidan wani attajiri ne da ya taɓa neman yayarta, ta kawo labarin auren da ba a yi ba tun daga tushe. Hoto na biyu, mai raƙuma, ta ba da labarin raƙumin da ya taɓa cin zanen kakarta a shanya. Ɗan jami'ar yana ta gyaɗa kai, ni ina kallon agogon bango, domin an ce bayan la'asar za a fara saukewa.

A hoto na huɗu ko na biyar wani dattijo ya iso mu, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa. Ya kalli tsagen fuskar Inna ya yi dariya. Ashe tsohon ɗan unguwarsu ne, Bafillace, abokin marigayi mijinta. Ita kuwa Inna Babarbariya ce, to ka san wasan da ke tsakaninsu.

Ya ce, "A'a, wa ya sako baiwata ta fito ba izinina?"

Ta ce, "Ji min ɗan daji. Wa ya bar ka ka shigo ɗaki mai siminti? Ina ka ɗaure shanun?"

"Na sayar na sayi Barebari."

"Da kuɗin nono? Ko jakin Babarbare ba ka saya."

Suka kama. Ya ce soron da ta nuna ba na attajiri ba ne, na alƙali ne. Ta ce shi da ya shigo gari jiya da ƙwarya a ka, me ya sani. Ɗan jami'ar ya leƙa takardar da ke ƙasan hoton, ya ce a nan an rubuta wani abu dabam, ba attajiri ba alƙali. Su biyun suka haɗu suka ce takarda ta yi ƙarya. Mutane suna dariya, autata tana tsalle. Ni ce kawai ban yi dariya ba. Ina ganin yadda Inna ke jan musun, duk inda ya kusa mutuwa ta hura shi, kuma duk takun da muka yi gaba sai ta ƙara kawar da kafaɗarta daga bangon taga.

Amma zaure yana da iyaka. A ƙarshe muka iso.

Lokacin cinikin gyaɗa ne. Buhuna an jera su sama-sama, leburori a ƙasa, wani yana riƙe da sikeli. A can sama wani ɗan saurayi zaune, ya harɗe ƙafa, bakin buhu a gabansa, basilla da igiya a hannu. Duk sauran mutanen suna kallon aikinsu, shi kaɗai ya ɗago ya kalli mai hoton, yana shirin dariya bai kai ga yi ba. Goshin maigidana ne. Kunnuwan nan masu ɗan tashi, waɗanda nake tsokanar babban ɗana da su, ga su nan. Ban san sanda na ce "Allahu akbar" ba.

Dattijon ya matsa ya ƙanƙance ido. Ya daɗe. Sai ya ce, ba da muryar wasa ba, "Wannan ai ɗan abokina ne. Shi ke ɗinke mana buhuna, hannunsa kamar walƙiya." Ya waiwayo. "Hajiya, wannan ba naki ba ne?"

Ɗan jami'ar ya yi farat ya zaro biro. "Mama, ɗanki ne? Don Allah ya sunansa?"

Duk wanda ke zauren ya juyo. Inna tana kallon fankar da ta mutu.

Ta ce, "Wannan ba ta aiki ne?"

Ta ce ƙafarta na ciwo. Akwai benci a tsakiyar zauren, ta je ta zauna, ta ba hoton baya sosai, ta fuskanci majema. Ta ciro carbi.

Yaron ya juyo gare ni da bironsa. Na san sunan. Amma yayan mijina ne, uwarsa tana zaune a nan tana ji, in buɗe baki in faɗa a gabanta? Sai na ji harshena ya yi nauyi, ni 'yar lekwal marar ta ido. Na ce masa maigidan zai zo ya faɗa musu. Wannan ma ya ƙara min haushi, don na ga abin da nake zargi ya kama ni.

Dattijon ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. Ya ce, "Mu Fulani aka sani da wannan hali. Ke kuma Babarbariya, ina kika aro?" Karo na farko ke nan da ya jefa ba ta rama ba. Ya dube ta, ya sauke sandarsa daga kafaɗa, bai ƙara ba.

Na je na durƙusa gefen bencin. Na rage murya.

"Inna, yau fa za a kwashe."

"Su kwashe mana."

"Ba za a sake kawowa ba. Wani gari za a kai."

"Allah ya kai su lafiya."

"Inna, juyawa ce kawai. Ba wanda zai ce komai."

Ta ja carbi ɗaya, biyu. Ta ce, "Ƙawata ta gama ganin abin da mushe ya ce? In ta gama mu tafi, ban sa wake a ruwa ba."

Wallahi da ba uwar mijina ba ce, da na kama kafaɗunta na juya ta. Rana ta gasa ni kwana da kwanaki, wankina ya yi wari, na dubo mai lafiya, na sayi kanwar da ba a so, na yi dabara ta sama da ta ƙasa, ga shi tsakaninta da ɗanta bai fi tsawon tabarma biyu ba, ita kuma zancen wake take. Idona ya kawo ruwa, na rasa na tausayi ne ko na takaici. Na ce a'uzu billahi a zuci, na miƙe.

Daidai nan aka kira la'asar a masallacin da ke tsallaken hanya. Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "To jama'a, an yi kira. Hoto ba ya ceto." Ya kama hannun ɗan jami'ar. Yaron ya ce shi aka bar wa zauren, ba zai iya fita ba. Dattijon ya ce, "Wa zai saci raƙumin takarda? Taso, ɗana." Ya kora ɗaliban da suka rage kamar yana kora maruƙa. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Ke ba kya salla ne, 'yata? Matar mai gadi tana da tabarma a baya."

Na ce, "Inna, mu je mu yi salla."

"Gwiwata ba ta son simintin mutane. Zan yi a gida. Bar min ƙawata ta taya ni zama."

Na fita, kuma ba don na fahimci komai ba. Na fita ne don in na ƙara minti ɗaya a wurin zan faɗi abin da zan yi nadama. Matar mai gadi ta ba ni buta da tabarma ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Raka'ar farko ban san me na karanta ba, zuciyata tana can tana faɗa da tsohuwa. Sai a zaman tahiya na ji shirun wurin. Ba motsin kowa a zauren. Na tuna yadda dattijon ya kwashe mutane har da ni. Da na sallame ban tashi ba. Na yi tasbihi, na ƙara. Na yi wa mahaifiyata addu'a, na yi wa mai basilla, na yi wa duk waɗanda ke rataye a bangon nan ba a san sunansu ba. Matar mai gadi ta kawo min ruwan randa, na sha a hankali, har na tambaye ta lafiyar yaranta ɗaya bayan ɗaya, ni da ban san su ba. Sai da na ji muryoyin maza suna dawowa na naɗe tabarmar.

Na shiga da sa rai. Na iske Inna a kan bencin nan, a gurbin nan, bayanta ga hoton, fuskarta ga majema, carbi a hannu. Kwallinta yana nan raɗau, ko gezau. Autata tana zaune a ƙasa tana wasa da takalmin kakarta.

Inna ta ce, "Sallar ke nan ko tahajjudi? Mun bushe a nan."

Ma'aikata suka shigo da kwalaye, suka fara daga bangon taga. Ina kallo aka sauke shi, aka naɗe cikin bargo, aka sa a kwali. Ita ko waiwaye. Ta dafa kan ƙawarta ta miƙe, ta yi wa ɗan jami'ar addu'a, ta ce wa dattijon ya gaida shanu. Ya ce za su ji.

A cikin adaidaita ba wanda ya yi magana sai ita, tana faɗan yadda aka lalata gari da gine-ginen siminti. Ni na juya kai ina kallon hanya. Ina tunanin me zan gaya wa maigidana. Kuna kama, zan ce, goshi da kunne. Ita fa, zai ce. Sai in ce ta ga majema.

Muna isa ta shige ɗaki, na ji adaka ta yi ƙararta, an mayar da saƙi. Ta fito da tsohon zanenta ta sa wake a ruwa, ta yi alwala ta rama la'asar ɗinta. Ni na shiga madafa ina ajiye tukwane da ƙarfin da bai kamata ba. Ta leƙo ta ce, "Tukunyar ta yi miki laifi ne?" Na ce a'a, Inna, zamewa ta yi.

Gab da magariba na ja autata bayan ɗaki don in wanke mata ƙafa, duk ta yi futu-futu. Na zaunar da ita a kan turmi, ina cuɗa mata dunduniya da dutse, ina yi da ƙarfi har ta ce zafi. Na sassauta. Ta leƙa tsakar gida, ta ga Kaka ta shiga ɗaki, sai ta sunkuyo ta kawo bakinta kunnena.

"Mama, Kaka ta ce kar in gaya miki. Da kika fita ta ce in tsaya bakin ƙofa in ga ko wani na zuwa. Ita kuma ta je wurin mai buhunan nan, ta goge masa gilashi da mayafinta, tana ta yi masa faɗa a hankali, wai don me ya hau can sama cikin rana ba hula."